Me Ya Sa Kiɗan Soul-Blues Ɗinka Ya Fito a Sandare?

Ka ce ka jera kod (haɗin sautuka) na gaɓa 12 ɗin nan na kiɗan blues daidai, A7 huɗu, D7 biyu, A7 biyu, sai E7, D7, A7 da E7 ɗai-ɗai, amma da ka kunna sai ka ji abin ba rai. Na saurara, ɗana. Kod ɗinka lafiya lau suke. Ganga ce ta kashe ka, sai kuma cika wuri da ka yi.

Mu fara da ganga. Irin wannan kiɗa mai tafiyar hawainiya, sa shi wajen bugu 60 a minti, kowane bugu ka raba shi uku, kai kuwa biyu ka raba. Sannan ka danna kwantaiz, kwamfuta ta ɗora komai cif a kan layi. Cire kwantaiz ɗin daga kan sineya, wato ƙaramar gangar nan mai kaifin sauti. Bugunta na biyu da na huɗu ka ja su baya da milisakan 10 zuwa 20, babbar gangar ƙafa kuma ta tsaya inda take. Da wannan ɗan jinkiri aka san Al Jackson, makaɗin kamfanin Stax na Memphis a shekarun 1960. In ka wuce 30, sai a ɗauka makaɗin ne ya gaji. Ƙarfin bugun ma kar ya zama ɗaya. Na tsakani su yi laushi.

Yanzu babbar matsalar. Kiɗan nan daga waƙoƙin aikin gona da na cocin baƙaƙen fatar kudancin Amurka ya taso, can kuwa wani ya bayar ne wani ya karɓa, tamkar mawaƙi da 'yan amshi. Kowane layi gaɓa huɗu ne: murya ta ci biyu, jita ko kayan busa su amsa a biyun da suka rage. Kai jitarka tun daga farko har ƙarshe surutu take yi a kan muryar. Goge duk abin da ta kaɗa yayin da mawaƙi ke magana. Saurari faya-fayan kamfanin Malaco na Jackson a Misisifi, musamman na Z.Z. Hill na 1982, za ka ji yawan wurin da ake bari fili.

Wajen amsawar, danna tsirkiya ta uku a gida na biyar, wato C, ka ɗan tura ta sama kaɗan, kar ta kai C#. Sautin da ake nema a tsakaninsu yake, fiyano kuma ba ta da shi, shi ya sa da wuya jitar da ka ɗauko daga kibod ta fito da shi daidai. Nemo mai jita na gaske, ko na awa ɗaya ne.

Ogan ɗin Hammond kuwa, ɗauke hannun hagu, ka yanke abin da ke ƙasa da 150 Hz, don yana rigima da bes. Juyin Leslie, wato lasifikar ogan mai juyawa, ka bar shi a hankali cikin baiti, sai murya ta ɗaga sama a gaɓa ta tara ka sake shi da gudu.