Amsa: ina tsaunukan Bauchi suka tafi?

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Malam, ka yi tambaya: in da gaske an taɓa yin manyan tsaunuka a Bauchi, ina suke, kuma da me aka gane? To, ga yadda abin yake.

Ka fasa dutsen nan na kewayen garin Bauchi ka duba, za ka ga ƙwayoyinsa manya-manya. Narkakken dutse in ya fito fili nan da nan yake hucewa, ƙwayarsa ta zama kamar gari. Manyan ƙwayoyi sai wanda ya huce sannu a hankali can cikin ƙasa. Sai kuma mai zanen fari da baƙi a murɗe, wanda ake kira migmatait. Shi wannan har ya soma narkewa, kuma hakan na son zafin digiri 650 zuwa 750. Zafin ƙasa yana ƙaruwa kamar digiri 30 a kowace kilomita da ka nutsa ƙasa. Yi lissafi, ka ga zurfin da dutsen yake a lokacin ya haura kilomita 20. Duk abin da ke kansa ruwa da iska sun zaizaye shi. Wato mu yau a kan saiwar tsauni muke tafiya.

Abin da ya tayar da tsaunukan karo ne, wajen shekara miliyan 600 da suka wuce, lokacin da tsohon ɓangaren ƙasa na Afirka ta Yamma ya gwabza da na gabashinsa. Jerin ya taso daga Hogar a Aljeriya, ya ratsa Najeriya, har arewa maso gabashin Barazil, don a lokacin a manne muke. Akwai ma dutsen da Farfesa Oyawoye, masanin duwatsu, ya raɗa wa sunan garin, bauchait.

Shekarun kuma daga zirkon ake samu, wata 'yar ƙwaya a cikin dutse mai ɗauke da yuraniyam wanda ke rikiɗa ya zama dalma a kan ƙayyadadden lokaci. Ana ɗebo dutse kilo 3 zuwa 5, a niƙa, a tace. Nan fa ake tafka kuskure. In ka kwaso ruɓaɓɓen dutse na sama, dalmar na iya zurarewa, shekarun su fito kaɗan. Shi ya sa ake son sabon fashi, irin na wurin fasa dutse. Sannan wata ƙwayar cikinta gado ne daga tsohon dutse, sai ta ba ka shekara miliyan 2,000. Dole a auna tsakiya daban, baki daban.

Kada dai a haɗa su da duwatsun Ningi da Jos masu kuza. Waɗancan ƙannai ne, yawancinsu ba su kai shekara miliyan 200 ba, kuma ba karo ya kawo su ba. A daji ka duba wanne ya keta wanne, mai ketawar shi ne ƙarami.

Gombe kuwa nata labarin tsagewar ƙasa ne, lokacin buɗewar Tekun Atalantika, har ruwan teku ya shigo, shi ya sa ake ganin bawon halittun teku a farin dutsen Ashaka. Wannan sai wani lokacin. Wassalam.