Daga "reckless" zuwa ganganci

Malam, a takardar tarar da aka ba ƙanena an rubuta "reckless driving". Mece ce ma'anar "reckless", kuma ina asalinta? (Mai karatu daga Zariya)

Kalmar haɗi ce. "Reck" tsohon fi'ili ne na Ingilishi mai nufin kula ko damuwa da abu, "less" kuwa ɗafi ne da ake liƙawa a ƙarshen kalma don nuna rashi. Ke nan mutum ne da bai damu da abin da zai biyo baya ba. Tana cikin rubutun Ingila tun kafin shekarar 1100, kuma tana da 'yar'uwa a harshen Holan, "roekeloos". Fi'ilin kansa ya kusa bacewa daga bakin Turawa, shi ya sa wasunsu ke rubuta ta da "w" a farko, suna zaton daga "wreck" ta fito, wato tarwatsewar jirgi ko mota. Ba su haɗa tushe ba.

Fassarar "reckless driving" ita ce tukin ganganci, kuma fassarar ta dace ƙwarai, domin ganganci ɗan'uwan "da gangan" ne. A nan nake da takaici da wasu masu karanta labarai a rediyo. Sai ka ji sun ce "sakacin direba" alhali ganganci suke nufi. Direban da ya manta bai duba birki ba kafin ya bar tasha, sakaci ya yi. Wanda ya hango tirela na tahowa a kwana, fasinja na salati, wata tsohuwa a baya tana cewa "Ɗan nan, ka ji tsoron Allah", amma ya taka mota ya shiga hannun da ba nasa ba, wannan ganganci ne. Ya ga haɗarin da idonsa, ya zaɓe shi. Idan ka kira shi sakaci ka rage masa laifi, kuma iyalan waɗanda suka rasu suna sauraron rediyon nan.

To garaje fa, Malam? Ba ɗaya suke ba? (Ɗaliba daga Maraɗi)

A'a, 'yata. Mai garaje bai tsaya ya duba ba, faɗawa kawai ya yi. Shi ya sa aka ce garaje ba ƙarfi ba ne.

"Sauri ya haifi nawa", nawa ɗin tambayar adadi ce? (Mai karatu daga Kumasi)

Ba ita ba ce. Nàwā ce, wato jinkiri. Ja wasalin ƙarshe in za ka faɗa.