Tambaya da Amsa: Snowden maci amanar ƙasa ne? To ɗan jaridar da ya buga fa?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Barista. Ni ɗan jarida ne, ban fi shekara biyu da fara aiki a wata jaridar intanet ba. Ranar Juma'a mun yi musu mai zafi da Kawuna, tsohon soja ne, a kan Edward Snowden, Ba'amurken nan da ya ba 'yan jarida takardun sirrin leƙen asirin ƙasarsa. Shi ya ce maci amanar ƙasa ne, kuma 'yan jaridar da suka buga takardunsa su ma rataya ce ta dace da su, ni kuma na ce jarumi ne. To abin da ban faɗa wa Kawu ba shi ne akwai wani abokina da ke aiki a wata ma'aikata, ya turo min hoton wata takarda mai hatimin sirri ta WhatsApp, tun ranar ban yi barcin kirki ba. Abokan aikina suna ta cewa in dai abin da ke ciki gaskiya ne babu kotun da za ta taɓa mu. Haka ne? Kuma in na buga, na ci amanar ƙasa kenan?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanena. Kafin komai, kar ka tura wa kowa hoton nan, ko editanka kar ka tura masa ta waya, ka taka ka same shi ku yi magana baki da baki. Zan zo kan dalili.

Maganar Kawu, Allah ya ƙara masa lafiya, a shari'ance ba haka take ba. Gwamnatin Amurka da kanta ba ta taɓa tuhumar Snowden da cin amanar ƙasa ba. Tuhuma uku aka shigar a kansa a wata kotun tarayya a Virginia a watan Yunin 2013, ɗaya ta satar kayan gwamnati, biyu kuma a ƙarƙashin Dokar Leƙen Asiri ta 1917, wato miƙa bayanan tsaro da na sadarwar sirri ga wanda ba shi da izinin gani. Kowacce hukuncinta na iya kaiwa shekara 10. Kuma ba don tausayinsa aka yi haka ba, tsarin mulkinsu ne ya ɗaure musu hannu. Cin amanar ƙasa shi ne laifi ɗaya tilo da kundin ya fayyace ma'anarsa da kansa, ya ce ko dai ka ɗauki makami ka yaƙi Amurka, ko ka bi bayan abokan gabanta ka ba su taimako, sannan ba za a kama ka da laifin ba sai mutum biyu sun shaida aiki ɗaya da ka yi a fili, ko kai ka amsa da bakinka a gaban kotu. Waɗanda suka rubuta kundin sun ga yadda sarakunan Ingila suka mayar da wannan kalma sandar dukan duk wanda ya saɓa musu, shi ya sa suka ƙuntata ta da gangan. Ko Julius da Ethel Rosenberg da aka kashe a 1953 kan miƙa wa Tarayyar Sobiyet sirrin makamin nukiliya, haɗa baki wajen leƙen asiri aka kama su da shi. Manning, sojan Amurka da ya ba shafin fallasa asirai na WikiLeaks ɗaruruwan dubban takardu, kotun soja ta wanke shi daga tuhumar taimaka wa abokan gaba a ƙarshen Yulin 2013, duk da ta yanke shekara 35 kan sauran tuhume-tuhumen.

To daga ina kalmar ta fito? Daga bakin 'yan siyasa a gaban kyamara. John Boehner, kakakin majalisar wakilai na lokacin, ya kira shi maci amana, Sanata Dianne Feinstein ta faɗi makamancin haka, tsohon mataimakin shugaban ƙasa Dick Cheney ma haka, gidajen talabijin suka yi ta maimaitawa har ta zauna a kunnen mutane.

Amma fa ban ce Kawu ba shi da ta cewa ba. A Hausa amana ta fi ƙarfin abin da kundin doka ya rubuta, kuma soja ya san nauyin alkawari. Snowden ya sa hannu cewa zai riƙe sirri, ya kwashi takardu masu ɗimbin yawa daga cibiyar NSA, hukumar Amurka mai leƙen asirin sadarwa, da ke Hawaii inda yake aiki a ƙarƙashin kamfanin Booz Allen Hamilton, kuma kwamitin leƙen asiri na majalisar wakilai ya ce a rahotonsa na 2016 mafi yawansu ba su shafi sirrin 'yan ƙasa ba, sun shafi soja da tsaro ne. Yau yana Rasha, har ya samu takardar zama ɗan ƙasa a 2022, ko da yake a tuna an soke fasfonsa ne, ya maƙale kusan kwana 40 a filin jirgin Mosko kafin a ba shi mafaka. Ni ra'ayina, abin da ya fallasa kan wayoyin mutane ya dace a sani. A watan Maris na 2013 Sanata Ron Wyden ya tambayi James Clapper, shugaban hukumomin leƙen asiri, ko NSA na tattara bayanan miliyoyin Amurkawa, ya ce a'a, ba da sani ba. Ba a cika wata uku ba jaridar Guardian ta Ingila, daga takardun Snowden, ta buga umarnin kotun sirri da ya tilasta wa kamfanin Verizon miƙa bayanan kiran abokan hulɗarsa kullum, wa ya kira wa, ƙarfe nawa, minti nawa suka yi. Clapper bai taɓa tsayawa gaban alƙali kan wannan amsa ba.

Kai da kake ɗan jarida ka lura da abin da kafafen labarai suka yi da labarin. Cikin 'yan kwanaki magana ta tashi daga abin da NSA ke yi ta koma kan budurwarsa da makarantar da bai gama ba da wane jirgi ya shiga. David Gregory na gidan talabijin na NBC ya dubi Glenn Greenwald, ɗan jaridar Guardian da ya fara buga takardun, a shirin kai tsaye ya tambaye shi me zai hana a tuhume shi da taimaka wa mai laifi, ɗan jarida ne fa ke tambayar ɗan'uwansa haka. A Ingila abin ya fi muni, a watan Yulin 2013 ma'aikatan Guardian suka sauka ɗakin ƙasa na ofishinsu suka farfasa kwamfutocinsu da injin huda da na gurza ƙarfe, jami'an GCHQ, hukumar leƙen asirin sadarwa ta Ingila, na tsaye suna kallo, alhali kowa ya san akwai kwafin takardun a Amurka da Brazil. Wata guda bayan nan aka tsare David Miranda, abokin zaman Greenwald, awa 9 a filin jirgin Heathrow da dokar ta'addanci.

Yanzu bari in zo kan maganar abokan aikinka, don ita ce ta fi tayar min da hankali, kuma wallahi kusan kullum sai na ji ta. Wai in dai gaskiya ce doka ba za ta taɓa ka ba. Wa ya koya musu wannan? Sun ɗauko ƙa'idar shari'ar ɓata suna ne suka ɗora a inda ba wurinta ba. A ƙarar ɓata suna gaskiya kariya ce, in ka ce wane ya saci kuɗi kuma ka kawo hujja ka tsira. Amma a shari'ar sirrin gwamnati kasancewar takardar ta gaske ce shi ne ma abin da mai gabatar da ƙara yake son ya tabbatar, ita ce hujjarsa a kanka. Lauyoyin Facebook da ba su taɓa tsayawa gaban alƙali ba su ne ke zuga yara da wannan magana, ranar da aka zo kamu kuwa ba za ka ga ko ɗayansu a bakin ofishin 'yan sanda ba.

Dubi Dokar Leƙen Asirin nan ta 1917. Ba ta tambayar me ya sa ka yi. Ba ta bambanta wanda ya sayar wa wata ƙasa sirri don kuɗi da wanda ya ba jarida don jama'a su sani. Daniel Ellsberg da ya fitar da takardun Pentagon, wato ma'aikatar tsaron Amurka, kan yaƙin Vietnam a 1971, da lauyansa ya so ya bar shi ya bayyana wa kotu dalilinsa, alƙali ya ce ba ruwan shari'ar da dalili. Mutane na cewa ai an wanke shi, a'a, watsi aka yi da ƙarar a 1973 saboda mutanen shugaban ƙasa Nixon sun fasa ofishin likitansa na ƙwaƙwalwa kuma an saurari wayarsa ba bisa ƙa'ida ba. Shi kansa Snowden, wata kotun ɗaukaka ƙara ta ce a 2015 doka ba ta ba da izinin wannan tattara bayanan waya ba, majalisa ta sauya dokar a shekarar, wata kotun ta sake cewa haramtacce ne a 2020, duk da haka tuhumar da ke kansa tana nan daram ko wasali ba a goge ba. Kotu ta yarda abin da ya fallasa ya saɓa doka, kuma in ya sauka a Amurka gobe ankwa ce za ta tarbe shi. To ina gaskiyar da abokanka suka ce tana kare mutum?

Sannan ka duba wa ke shan wuyar. Guardian da Washington Post sun karɓi kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2014, 'yan jaridar da suka yi aikin, Greenwald da Laura Poitras da Barton Gellman, ba wanda aka gurfanar a Amurka kan wannan aiki, wanda ya kawo takardun shi ne ya rasa gida. Julian Assange, wanda ya kafa WikiLeaks, shi ne ya zama daban, shi ma sai da ya amsa laifi ɗaya ƙarƙashin wannan doka a Yunin 2024 kafin ya koma Ostareliya. Wanda ya fi taɓa min zuciya shi ne na Reality Winner a 2017, yarinya 'yar shekara 25, ta buga takarda ɗaya tak ta NSA kan kutsen Rasha a harkar zaɓe a firintar ofishinsu, ta ninke ta ta aika wa jaridar The Intercept ta gidan waya. Jaridar ta nuna wa gwamnati hoton takardar don a tabbatar mata, jami'ai suka ga layin ninki a jiki, suka gane bugawa aka yi aka fita da ita, suka duba suka ga mutum 6 ne kacal suka buga ta. An kama ta kafin ma labarin ya fito. Wata 63 aka yanke mata. Shi ya sa na ce kar ka tura hoton. Na taɓa zama da wani matashin ma'aikaci a ofishina yana rawar jiki, ya nuna min hoton takardar da ya tura wa wani, a gefen hoton ga babban yatsansa da zoben azurfa, ga kusurwar teburinsa, ga sunayen mutum huɗu da aka ba kwafi a ƙasan takardar. Ba sai an kira wani gwani ba, masinjan ofis ma zai gane shi.

A gida Najeriya, buga takarda ba shi ne cin amanar ƙasa ba, shi ma a nan ma'anarsa yaƙar ƙasa ce ko haɗa baki a yaƙe ta. Amma kar wannan ya kwantar maka da hankali da yawa, don mun ga yadda aka gurfanar da ƙananan yara da wannan tuhuma a Abuja a Nuwamban 2024 bayan zanga-zangar Agusta, wasu har suka yanke jiki suka faɗi a kotu kafin a sake su. Dokar da ta fi kusa da wuyanka ita ce Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962, tana nan ba a soke ta ba, kuma ba mai bayarwa kaɗai take kamawa ba, har wanda ya karɓa ko ya kwafa ko ya ajiye, hukuncinta na kaiwa shekara 14. Inda muka ɗan fi Snowden sa'a shi ne Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, sashe na 27 ya kare ma'aikacin da ya fallasa abin da ya yi imani yana nuna almundahana ko ɓarnar kuɗi ko wuce gona da iri ko haɗari ga lafiyar jama'a, ya kuma kare wanda ya karɓa ya yaɗa. To amma kariya ce da lauyanka zai ɗaga a gaban alƙali, ba ta hana a zo da asuba a tafi da kai da wayarka da kwamfutarka. In kuma takardar ta shafi motsin sojoji to lissafin ya sauya baki ɗaya, ka tuna Janairun 2019 da sojoji suka mamaye ofisoshin Daily Trust a Maiduguri da Abuja kan labarin shirin ƙwato Baga. Irin wannan ni kaina ba zan ce ka buga ba, don akwai 'ya'yan mutane a bakin daga, kuma a nan ina tare da Kawunka ɗari bisa ɗari.

Ba ka faɗa min abin da ke cikin takardar ba, kuma kar ka faɗa min a nan. Ku zauna kai da editanka da lauyan da ya san dokar jarida, ba wanda ya saba da takardun fili kawai ba, ku fara tantance ko ta gaske ce, don akwai masu ƙirƙirar takarda su jefa wa ƙananan jaridu da gangan. In ta kuɗi ce ko kwangila, ku rubuta wa ma'aikatar neman bayani a ƙarƙashin dokar 2011, kwana 7 doka ta ba su su amsa, ko sun yi shiru kun samu abin nunawa cewa kun bi ta ƙofa. In za ku buga, ku sake rubuta abin da ke ciki da hannunku, hoton kar ya fita. Shi kuma abokin naka ka neme shi yau ɗin nan, ka bar wayarka a gida, ka tambaye shi mutum nawa aka ba kwafin takardar a ofishinsu.