Amsar Kawu kan maganar fiyano da rawar salsa

Ɗana, na ga saƙonka tun shekaranjiya, ban amsa bane saboda irin wannan magana ba'a amsa ta a tsaitsaye. Kace tun zuwanka hutu da ka tono faya-fayan garmahona a sito kiɗan rok na da ya shiga ranka, yanzu ka koma Toronto har ka fara koyon fiyano irin na jaz, kuma abokanka na makaranta suna jan ka ajin rawar salsa duk daren Alhamis, da ka faɗa wa mamarka a waya tace maka gidanmu ba gidan maroƙa bane. Shine kake tambaya me al'ada tace, ko ka zubar mana da mutunci.

To ita dai mamarka ƙanwata ce na san bakinta, kuma ita ce dai mai tura min faifai ƙarƙashin katifa idan taji tarin Baba a zaure, amma kar kace ni na faɗa maka. Sai dai maganarta ba a banza ta yi ba. A wajenmu kiɗa sana'a ce ta gado kamar ƙira da fawa da wanzanci, kuma kowace sana'a da kiɗanta, mahauta da kalangunsu, manoma da gangar noma, 'yan dambe da nasu, sarki da tambari da kakaki da algaita. Makaɗi yana ƙarƙashin ubangida ne, ya wasa shi a bashi riga ko doki, in an hana shi ya yi zambo. To wannan miƙa hannun shi ne abin da gidajen malamai da 'yan kasuwa irin namu suke ƙyama, shi yasa kalmar da ta fara zuwa bakinta maroƙa ce. Kiɗan kansa kowa na so. Baba da yake hana ni garmaho in an sako Narambaɗa a rediyo har lumshe ido yake yana kaɗa kai. Shata ma ai ba gadon waƙa ya yi ba, mahaifinsa bai so ba sam, ƙarshenta a 1988 jami'ar Ahmadu Bello ta bashi digirin dakta na girmamawa. Mu haka muke, muna son kiɗa kamar me, amma ɗan wani ya yi mana. Kuma in ta sake tada maganar ka gaya mata akwai hoton Sardauna da Louis Armstrong mai busa ƙahon jaz a Kaduna a 1960 suna dariya, rawanin Sardauna bai faɗi ba.

Kaga ke nan kai da kake karatun injiniya kake taɓa fiyano da yamma, ba ka wasa kowa ba ka jiran liƙi, al'ada bata da sunan da zata kira ka da shi ma, don bata san irinka ba. Amma abubuwa ukun nan da ka lissafa nauyinsu ba ɗaya bane a wajena, kuma kowanne yana da nashi ladabin a gidansu, wanda ina ganin shi ya kamata ka fi damuwa da shi.

Rok ɗin dai sauraro ne kawai. Na sauka Manchesta a 1972, ɗakin da na kama akwai wani yaro Bature a sama da ni, kullum sai naji silin na rawa, ran nan na hau in yi masa faɗa sai ya ja min kujera yace in zauna in ji zuwa ƙarshe tukuna sannan in yi faɗan. Led Zeppelin ne ya saka. A nan na koyi yadda suke jin kiɗan nan, a ɗora allura a bar gefe guda na faifan ya ƙare, wajen minti ashirin, ba mai magana ba mai tsallake waƙa, sannan a tashi a juya shi. Ku yanzu da waya sakan talatin kun danna gaba. Gwada irin namu, ka ajiye wayar a wani ɗaki, yau ka bi mai ganga shi kaɗai da kunnenka, gobe ka bi jitar bes, zaka ji abin da baka taɓa ji ba a waƙar da kake zaton ka haddace.

Kuma ka san asalin abin, kar ka ɗauka kiɗan Turawa ne zalla. Tushensa buluz ne, kiɗan baƙaƙen fatan kudancin ƙasar Amurka, jikokin bayi, su Muddy Waters da suka hau da shi Chicago suka saka masa lantarki, su Chuck Berry suka ƙara masa gudu, sai samarin Ingila suka sayi faya-fayan suka kwaikwaya suka sake sayar wa Amurkawa kayansu. Rolling Stones har sunansu daga waƙar Muddy Waters suka ɗauko. Ginger Baker mai gangar ƙungiyar rok ta Cream kuwa sai da ya ratso Sahara da mota ya zo Legas ya zauna yana kiɗa da Fela. Yanzu kuma ka saurari masu jitar Abzinawa na Nijar irin su Bombino da Mdou Moctar, shi Mdou ɗin ma da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko don gidansu basa so, kaga ba kai kaɗai ke da mama ba. Abin da zan ce ka bar musu shi ne rayuwarsu. Jimi Hendrix ya mutu a Landan a 1970 yana shekara 27, Janis Joplin ma shekarar nan tana 27, Jim Morrison a 1971 shi ma 27, duk ƙwaya da giya na cikin labarinsu. Sai kuma ƙara, ka rage ta don Allah, kunnena na hagu har yau kuka yake min kamar gyare.

Fiyanon ne ya fi faranta min rai, watakila don ni na gaza. Wata takwas na yi ina zuwa wajen wani dattijo ɗan Jamaika da ke da tsohuwar fiyano a falonsa, maɓalli biyu ma sun mutu, in ka danna sai dai kaji ƙwas. Ranar farko na zo da littafin nota, wato rubutaccen kiɗa, sabo dal ina taƙama, ya karɓa ya zauna a kai. Ya buga 'yar gajeriyar jimla da hannun dama yace in maimaita da baki, sai na iya rera ta daidai sannan ya yarda in nemo ta da yatsa. Yace abin da bakinka bai iya faɗa ba hannunka ƙarya zai yi. Wannan kam ban sha wuyar ganewa ba, don haka ɗan makaɗi yake tashi a wajenmu, ya shekara yana ɗaukar kaya yana amshi kafin a bashi gaba.

Maɓallai 88 ne, farare 52 baƙaƙe 36, amma kar yawan ya firgita ka, sauti goma sha biyu ne ke ta maimaituwa. Fara da buluz mai gaɓa goma sha biyu, kod uku ne kacal, kod kuwa shi ne maɓallan da ake dannawa tare a lokaci guda, ka zauna a kansa har ya ishe ka sannan ka ƙara wata guda. Bayan nan sai jerin da suke kira biyu-biyar-ɗaya, wanda kusan duk tsofaffin waƙoƙin jaz a kansa suke tafiya, ka koye shi a duk makullai sha biyun har da masu baƙaƙen maɓallai da kowa ke gudu. Hannun hagu shi ne wahala, nan na faɗi, dama na son yawo hagu kuma dole ya tsaya kamar mai tsaron ƙofa. Minti talatin kullum da na'urar ƙirga lokaci a hankali ya fi awa biyar ranar Lahadi. Kuma kana garin da ya dace, Oscar Peterson gwanin fiyanon jaz ɗan Montreal ne, mahaifinsa ma'aikacin jirgin ƙasa, yayarsa Daisy na cikin waɗanda suka koya masa, a Mississauga nan kusa da kai ya zauna har ya rasu a 2007. Ka saurare shi amma kar kace zaka bi gudunsa yanzu zuciyarka zata karye. Ka haɗa da Thelonious Monk don ka ji yadda ake yin shiru a tsakiyar kiɗa, da Bill Evans don taushi.

Ladabin wajen fa, wannan ka riƙe shi da kyau. Suna da zama da makaɗa ke haɗuwa da daddare kowa ya hau ya taɓa, irinsa ne a Minton's da ke Harlem ya haifar da salon bibop a shekarun 1940. In ka je zaman farko kar ka hau, ka zauna ka saurara, ka gaida mai jagorancin wajen, in akwai takarda ka rubuta sunanka ka jira a kira ka. In an kira waƙar da baka sani ba ka faɗi gaskiya ka sauka, ba abin kunya bane. In naka zagayen ya zo ka yi biyu ko uku ka bar wa na gaba, in mai ƙaho na magana kai amshi ne aikinka, ka rage hannu. Ana ba da labarin Charlie Parker mai busa ƙahon jaz yana yaro a Kansas City ya hau bai shirya ba ya ɓata a tsakiyar waƙa, mai ganga ya cire farantin ƙarfen da yake bugawa ya jefa a gabansa, ya tafi ya yi ta bita kafin ya sake nuna fuska. Duk wanda ya tashi a gidan da ba'a katse babba ba zai sha wuyar wannan ba.

Sai rawar, nan ne zamu ɗan saɓa. Kiɗan kam ba ni da ta cewa, tushensa wani kiɗan Kyuba ne da ake kira son, 'yan Kyuba da 'yan Puerto Rico da ke New York suka dafa shi a shekarun 1960 da 1970, kamfanin Fania da aka kafa a 1964 ya yaɗa shi da sunan salsa, wato miya. A 1974 su Celia Cruz suka zo Kinshasa wajen bikin da aka shirya gabanin damben Muhammad Ali da Foreman, mutanen can suka tashi suna rawa kamar kayansu ne ya dawo gida. Ƙashin bayan kiɗan salsa wasu 'yan sanduna biyu ne da ake kira kilabe, bugu biyar, uku sannan biyu ko biyu sannan uku, ƙafa kuma ƙirgen takwas take bi, taku uku a dakata, taku uku a dakata. Su ma da ladabinsu, ana neman izini kafin a ja mutum fili, in ta ce a'a ba'a naci, ana gama waƙa a yi godiya a rabu, ba'a gyara wa abokin rawa kuskure a tsakiyar fili. A tango na Ajantina ma da ido ake tambaya daga nesa a gyaɗa kai, don kar a kunyata kowa. Ba mutanen banza bane, na gani da idona har kakanni ke yi.

Amma dai rawa ce ta riƙe juna, hannunka a bayan macen da ba taka ba. Mu kuwa muna da rawa iri-iri, 'yan mata na gaɗa a dandali, 'yan koroso na tsalle, a biki a fito a taka a yi liƙi, sai dai ban taɓa ganin rawar gargajiyarmu da namiji ke rungumar mace ba. Nan al'ada da addini bakinsu ɗaya. Kayan kiɗa malamai sun yi saɓani a kai tun da, mafi yawa sun tsananta, irin su Ibn Hazm sun sassauta, kowa ya san wanda yake bi. Taɓa jikin wadda ba muharramarka ba kuwa ba zan ce maka ba komai don kaji daɗi ba. Ni ma an ja ni sau ɗaya a wani taron ɗalibai, na take wa baiwar Allah ƙafa sau uku gumi na keto min a tsakiyar sanyi, ban ƙara ba.

Kuma ba sai ka bar abin gaba ɗaya ba. Akwai ɓangaren da ake sakin hannu kowa ya yi aikin ƙafarsa shi kaɗai, har aji daban ake yi masa, ka shiga wannan ka koyi ƙirgen a jikinka, zai ma gyara maka fiyanon. In kuma kaji ta kawunka, a salsa mai fiyano shi ne mai riƙe da gida, yana buga 'yar jimla guda da suke kira montuno yana maimaitawa da hannu biyu fili duk na juyawa a kansa. Ka nemi faya-fayan Eddie Palmieri ka ji yadda ya haɗa jaz da wannan. Rawar riƙon kuma ka adana ta, in Allah ya kawo matar aure ku je ajin tare, ni zan biya kuɗin wata uku.

Mamarka kar ka yi gardama da ita a waya, kuma kar ka soma kawo mata Ibn Hazm. Ka turo mata sakamakon jarrabawarka tukuna. Ni zan je gidan ranar Juma'a bayan masallaci in taɓa maganar a hankali. Faya-fayan kuma na lura guda huɗu basa nan, ciki har da na Santana na 1969 wanda akwai kiɗan Babatunde Olatunji mai ganga ɗan Najeriya a ciki, na san a jakarka suka tafi. Ka riƙe, amma a tsaye ake jera su ba a kwance ba, nesa da hita, kuma kar ka taɓa inda allura ke bi da yatsa. In zaka dawo ka taho min da sabuwar allura, tawa ta cinye.