Ɗan kwikwiyon da zai zauna da yara

Ɗan'uwa, kana tambaya ko ɗan kwikwiyon da za a ba ka a ƙauyenku na wajen Ringim zai zauna lafiya da yara. Akan ga alama tun yana ƙarami. Ka tsuguna ka kira shi, ka taɓa ƙafafunsa da kunnuwansa, sannan ka tafa hannu. In ya firgita ya dawo yana kaɗa wutsiya, ɗauke shi. In ya maƙale a lungu yana gurnani, bar shi, domin tsoro ne yakan sa kare ya ciji yaro.

Amma ka je ka ga uwar tukuna, na sha ganin 'ya'ya sun ɗauko halinta. Kada a raba su kafin mako 8, kuma da ya kai wata 3 a kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafin ciwon haukar kare.