Furen bromeliyad ɗina ya bushe, shukar ta mutu ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata biyar ke nan da aka ba ni kyautar shukar bromeliyad mai jan fure a tsakiya, na ajiye ta a falo. Yanzu furen ya dushe ya koma ruwan ƙasa, ga wasu ƙananan ganyaye suna fitowa a gindinta. Kullum sai na zuba wa ƙasar tukunyar ruwa. Ina na yi kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, kwantar da hankalinki, bushewar furen ba laifinki ba ne. Irin wannan shukar sau ɗaya take fure a rayuwarta, kamar yadda ayaba ke haihuwa sau ɗaya ta bar 'ya'ya a gindi. Ita bromeliyad danginsu ɗaya da abarba, asalinsu kuma nahiyar Amurka. Daga bayaninki, ina kyautata zaton nau'inta da ake kira Guzmania ce a hannunki. Waɗannan ƙananan ganyayen da kike gani 'ya'yanta ne, su ne magadanta.

Ki sa almakashi mai tsabta ki yanke busasshen furen daga can ƙasa. Uwar kuwa ki bar ta, tana iya yin watanni tana ciyar da 'ya'yan kafin ta ƙarasa bushewa. Kada ki yi gaggawar raba su. Sai ɗan ya kai kashi ɗaya cikin uku ko rabin tsayin uwar, sannan ki yanke shi da wuƙa mai kaifi dab da jikinta, ki dasa a 'yar ƙaramar tukunya mai huji. Fure kuma sai haƙuri, yakan ɗauki shekara 1 zuwa 3.

Inda zan ja kunnenki shi ne ban ruwan nan na kullum. A daji, yawancin irinta a jikin bishiyoyi suke maƙalewa, saiwar riƙo ne babban aikinta. Ganyayen ne suke haɗuwa a tsakiya su yi kamar ɗan kofi, a nan take tara ruwan sama. To, a wannan kofin za ki riƙa zuba mata ruwa, ƙasar kuwa sai kin sa yatsa kin ji ta bushe. Idan ta zauna a jiƙe, gindin ruɓewa zai yi. Ki haɗa ƙasar da ɓawon itace da gutsattsarin gawayi don ruwa ya riƙa wucewa.

Ruwan kofin nan ki karkata tukunyar ki zubar da shi duk mako, ki sa sabo. In ba haka ba, kin buɗe wa sauro gidan haihuwa a tsakiyar falonki. Ruwan sama ya fi dacewa, domin na wasu rijiyoyin burtsatse yakan bar farin gishiri a jikin ganye.

Ki ajiye ta kusa da taga mai haske amma bayan labule, ranar tsaka tana ƙona ganyen. Idan hunturu ya shigo bakin ganyen ya fara bushewa, ki riƙa fesa musu ruwa da safe, ki kuma matsar da ita daga saitin iskar na'urar sanyaya ɗaki.