Tambaya da Amsa: Ƙaramin jet na hannu zai yi mini zirga-zirgar Garwa zuwa Njamena?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Garwa. Harkar auduga da shanu tana kai ni Njamena, Marwa, Duwala, wani lokaci Kano. An yi mini tayin Cessna Citation CJ2 na hannu daga Turai, kuma kuɗinsa ya yi mini. Zai dace da tafiye-tafiyena?

Amsa: Alhaji, jirgin kansa ba shi da aibu. CJ2 ya fara aiki a 2000, yana ɗaukar fasinja shida cikin walwala, yana gudun kusan kilomita 750 a awa, kuma da cikakken tanki yakan ci kusan kilomita 2,800. To amma Garwa zuwa Njamena kilomita 350 ne kacal, Kano kuwa 600 da 'yan kai. Jet sai ya hau can ƙololuwa, inda iska ba ta da kauri, sannan yake shan mai kaɗan. A gajeriyar tafiya irin ta Njamena, kafin ya gama hawa lokacin sauka ya yi, ka ƙona mai mai yawa don ribar mintuna goma a kan jirgi mai farfela. Duwala ce kaɗai, mai nisan kilomita 700, za ka ji daɗinsa sosai.

Sai zafinmu. A watan Maris da Afrilu, idan ma'auni ya haura 40 a Garwa ko Marwa, iska takan yi sako-sako, inji ya rage ƙarfi, jirgi ya buƙaci doguwar hanya kafin ya ɗaga. Titin Garwa da na filin Hassan Djamous a Njamena suna da tsawon da ya isa. Ngaundere kuwa tana kan tudu, sama da mita 1,000, can matuƙi zai lissafa nauyi da kyau, wataƙila a rage mai ko kaya. Filayen jan ƙasa na cikin Chadi kam ka cire su daga lissafi, tsakuwa ɗaya ta shiga inji ta isa ta jawo maka asara mai nauyi. Ƙurar hunturu ma tana cin fukafukan inji a hankali.

Abin da ya fi damuna shi ne kuɗin da ka ce ya yi maka. Jirgi na hannu darajarsa tana cikin injinansa da takardunsa. Tambayi awa nawa ya rage kafin babban gyaran injinan Williams FJ44 guda biyu, kuma ko suna cikin tsarin TAP, wato tsarin kamfanin Williams na ɗaukar nauyin gyaran inji, wanda ake biya kan kowace awar tashi. In ba sa ciki, arhar nan bashi ce da za ta biyo ka. Littattafan gyara su cika tun daga ranar farko, kuma injiniyan da kai ka ɗauka, ba na mai sayarwa ba, shi zai buɗe jirgin ya duba. Ka tuna babban gyara sai an kai Legas, Johannesburg ko Turai, ga albashin matuƙa, inshora, rajista da hukumar CCAA mai kula da sufurin jiragen sama a Kamaru, da izinin sauka duk lokacin da za ka tsallaka iyaka.

Da ni ne, kafin in sa hannu sai na gwada Pilatus PC-12 ko King Air, masu farfela, waɗanda suke sauka a gajeren fili har da na ƙasa. Ka yi hayar ɗaya na wata uku, ka rubuta awowin da ka yi a sama da garuruwan da ka sauka, sannan ka sake rubuto mini.